Ɗan Gougaram da kuɗin karatun jami'a

Fiye da shekara 50 ke nan ana haƙar yuraniyom a Arlit. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, kamfanin COMINAK ya yi aiki a Akokan har aka rufe shi a watan Maris na 2021. Amma har yau yaron da ya tashi a Gougaram, cikin gundumar Arlit, idan ya ci jarrabawar BAC sai ya koma tunanin abin da zai ci a Agadas ko Yamai.

Ya kamata iyaye su san cewa burs ɗin da hukumar ANAB ke bayarwa ba bashi ba ne, ba a biyan sa bayan kammala karatu. Wanda bai cika sharaɗi ba yana iya neman tallafin da ya fi shi ƙanƙanta. Wannan ya bambanta da abin da ake ji a rediyo daga Najeriya, inda asusun NELFUND ya fara ba ɗaliban ƙasar lamuni a 2024. Can rance ne marar ruwa, kuma shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗin ANAB. Ana duba maki, ana duba shekarun haihuwa, ana neman takardu. Ɗan makiyayi sau da yawa yana shiga makaranta a makare, domin iyayensa suna bin dabbobi da ruwa. Da yawa an haife su a daji, babu takardar haihuwa sai an je kotu. Rajistar ma tana buƙatar intanet. A ganinmu, ma'aunin da bai san da wannan ba yana hukunta yaro kan laifin da ba nasa ba.

Wanda ya samu kuma bai huta ba. Jinkirin biyan burs tsohon kuka ne na ƙungiyar ɗalibai ta USN. Idan kuɗin ya makara, ɗalibi yana cin bashin mai shago da mai ɗaki, sai kyautar gwamnati ta iso hannunsa a matsayin kuɗin mutane.

Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Yanzu da gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakarta a 2025, muna kira ga masu riƙe da Gougaram, Arlit da Dannet su ware wani abu daga wannan kaso domin 'ya'yansu da ke Jami'ar Agadas da makarantun ma'adinai na EMAIR da EMIG, a kafe sunayen waɗanda suka amfana a bainar jama'a. ANAB kuma ta tura jami'anta makarantun Arlit kafin jarrabawa, su bayyana sharaɗi da Hausa da Tamashek, tun yara na da lokacin haɗa takardunsu.