Kun cire shi daga lakwal, wa zai karanta masa sunan tasha a Ikko?

Da an gama girbin gero sai bencina su fara zama wayam. Kowane mushe a Magaria da Dungas ya san haka. Ka tambayi uban yaro, ya ce ya bi yayyensa ci-rani: ta Tinkim ko Maigatari zuwa Kano, daga nan Ikko, wasu Kwatano, wasu har Abijan. Hujjar kullum guda ce, wai tura baro da sayar da shayi ba su buƙatar boko.

Iyaye, ban yarda ba. Kafin yaro ya tura baron, sai ya kai inda baron yake. Biranen bakin teku ba irin garuruwanmu ba ne da za ka tsaida dattijo ka ce ina gidan wane, ya raka ka har ƙofa. A Ikko yaron motar danfo yana rataye a ƙofa yana kiran Oshodi da Obalende da saurin da kunnen baƙo ba ya kamawa. Manyan motocin BRT kuwa da kati ake biya, inda suka nufa a rubuce yake. Tun Yunin 2022 aka hana haya da babur a Ikeja, Apapa, Surulere da wasu sassa, kuma dokar ta haɗa da wanda aka ɗauko. Yaron da bai iya karanta sunan unguwa ba, ta ina zai san ya shiga inda aka hana?

A Kwatano ga masu kabu-kabu nan, ƴan zem masu rigar rawaya, sai an yi ciniki kafin a hau. Nan ake yanka ɗanku. Shi da dala ya iya ƙirga, su da Faransanci suke faɗin kuɗi. Abin da suke kira ɗari biyu, dala arba'in ce a bakinmu. Ɗari biyu tamu kuwa jika ce cur. Lissafin ɗan CE2 ne, amma wanda aka cire kafin ya kai can, da guminsa zai biya kuɗin darasin. A Abijan ma launin tasin woro-woro ke nuna unguwarta: shuɗi Yopougon, rawaya Cocody.

Ku kuma abokan aiki, haddar sunayen manyan birane da koguna ba ta taɓa kai kowa Dantokpa ba. Ku zana taswirar Magaria a allo, yaro ya nuna hanya daga tasha zuwa asibiti. Ku sa biyu su yi cinikin kabu-kabu da Faransanci a gaban aji. Kowa ya rubuta sunansa, garinsu da lambar wayar wani nasa ba tare da duba kaye ba.

Ba na hana ci-rani, na san abin da rumbu ke ciki idan bazara ta yi. Amma ku bar mana yaron ya gama CM2 tukuna, Ikko ba ta gudu.