Wanda ya tafi da wanda ya tsaya masa

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun Kano suke ramewa. Masaƙun Bompai da dama sun koma sito, wasu kamfanonin jima na Challawa sun rage aiki, masu roba a Sharaɗa kuma suna auna kowace rana da kuɗin dizal. Da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A a watan Afrilun 2024, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowace yunit, sai lissafin ya ƙara tsuke. Ba abin mamaki ba ne idan injiniyan lantarki, ko akanta, ko masanin sinadaran jima ya sami takardar aiki a Jidda ko Dubai ko Ingila, ya tattara ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano. Tafiyar kuwa kuɗi take ci: biza, tikiti, ladan ejan, da abin da za a bar wa iyali. Akasari kuɗin nan rance ne, wani lokaci ma an ɗora shi a kan wani tsohon rancen.

Idan mutumin ya natsu a can, saƙonnin masu bin bashi suka fara iske shi, abin da zai tarar a intanet shawarwari ne na Amurkawa da Turawan Ingila a kan katin bashi: kada ka ɗaga waya, kada ka amsa da komai a rubuce, ka jira shekara shida ta cika, magana ta mutu. A ganina wannan shawara ba tamu ba ce. An rubuta ta ne don ƙasar da bashi yake tsakanin mutum ɗaya da banki ɗaya. A nan katin bashi bai yaɗu ba. Abin da muke da shi shi ne rancen albashi, da rancen kofaretib ta ma'aikata, da na manhajojin waya, da kayan da dila ya ɗauka daga kamfani a kan zai sayar ya kawo. Kusan kowanne daga cikinsu, in ban da na manhaja, akwai mutum na uku a ciki, wato garanto, wanda ya sa hannu ya tsaya maka. Shi kuwa bai tafi ko'ina ba.

Bari mu fara da abin da mai bin bashi yake da ikon yi da gaske. Daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI. Wanda ya ci bashi ya sa hannu a takardar amincewa da shi, ya ba bankin izinin bin lambarsa ta BVN ya cire abin da ake binsa daga duk asusun da yake da shi a kowane banki na ƙasar: na ajiya, na yau da kullum, na kuɗin waje, har da na haɗin gwiwa. A farkon 2022 aka gyara ƙa'idar, ta yadda bankin zai ci gaba da gwadawa ba iyaka har sai ya cika kuɗinsa. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai aka yarda ya cire ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Ma'anar wannan ga mazaunin Riyad ita ce, ranar da ya turo kuɗin bulo ko na makarantar yara cikin asusunsa na gida, yana iya wayar gari ya ga an share. Daga nan sai ya koma turawa ta asusun ƙaninsa, fili kuma ya saya da sunan matarsa, ya zama mai dukiyar da babu sunansa a ko'ina, kuma mun san irin rigimar da wannan ke haifarwa ranar rabon gado.

Sai kuma rajistar masu cin bashi. A ƙarƙashin dokar 2017 kamfanoni uku ne masu lasisi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma bankuna suna duba su kafin su ba da ko sisi. Gaskiya ne wannan rajista ba ta bin mutum zuwa Kanada, domin kowace ƙasa da tata. Amma mafi yawan masu tafiya da niyyar dawowa suke tafiya, da burin kafa ɗan ƙaramin kamfanin leda ko na casar shinkafa. A ranar ne sunan zai fito.

Kotu ma ba ta jiran ka dawo. Tana iya ba da izinin a liƙa sammaci a gidan da aka san ka da shi, ta yanke hukunci a bayan idonka, ta kuma umarci banki ya miƙa abin da ke asusunka. Kano tana da kotunan ƙananan ƙararrakin bashi tun 2019, waɗanda aka tsara don su gama shari'a cikin gaggawa. Kai hukuncin Najeriya a zartar da shi a Ingila abu ne mai yiwuwa a doka, sai dai kuɗin lauya a Landan ya fi ƙarfin bashin miliyan biyu ko uku, kuma bankin ya san haka. Saboda haka ba zai bi ka ba. Zai juya ne ga wanda yake kusa.

A nan ne maganar take. Garanto a masana'anta yawanci abokin aiki ne, wanda kuka yi shekara goma kuna cin abincin rana a rumfa ɗaya, ko shugaban sashe da ya ji nauyin ya ce a'a. Mutane da yawa suna sa hannu da zaton shaida kawai suke yi, cewa sun san wane mutumin kirki ne. Takardar kuwa ba haka ta ce ba. Yawancin irin waɗannan takardu suna ba mai bin bashi damar neman kuɗinsa gaba ɗaya daga garanto ba tare da ya fara ƙure wanda ya ci ba. A kofaretib abin ya fi sauƙi ma, domin ajiyar garanton tana hannunsu, albashinsa kuma ta ofishin biya yake bi. Mutum yana ɗaukar albashin da hauhawar farashi ta riga ta cinye rabinsa, sai ga yankan wata-wata a kan kuɗin da bai taɓa gani ba, yana kuma kallon hotunan wanda ya tsaya wa a WhatsApp. Ba zai kai ƙara ba, saboda kunya da zumunci. Zai dai daina tsaya wa kowa. Matashin da zai zo gobe neman rancen kuɗin haya shi zai biya sauran, domin zai zagaye masana'antar bai sami mai sa masa hannu ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da mai bin bashi ya faɗa gaskiya ne. Rabin aikinsu tsoratarwa ce. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin kuɗi zalla, ta kuma hana kama wani a madadin wani; kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓo bashi ba ne. Wanda ya je ya ɗaga hankalin tsohuwa a gida da cewa za a tafi da ita idan ɗanta bai turo kuɗi ba, shi ne ya taka doka. Haka manhajojin da ke aika wa duk lambobin wayarka saƙo cewa kai ɓarawo ne: a Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan, hukumar FCCPC ta tilasta musu rajista tun 2022, Google ta hana su shiga lambobi da hotunan waya daga ƙarshen Mayun 2023, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta shekarar. A ajiye saƙonnin, a kai koke. Barazanar Interpol kuwa, ƙa'idojin hukumar ba su yarda da neman mutum a kan rikicin kuɗi tsakaninsa da wani ba. Togaciya ɗaya ce ya kamata a riƙe: cak. Dokar 1977 ta mai da bayar da cak ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi mai ɗaurin shekara biyu, kuma masu ba da rance da yawa suna karɓar cak mai kwanan wata na gaba tun ranar farko. Wanda ya bar irin wannan a hannun wani, ko ya ci rancen da takardun bogi, maganarsa ta tashi daga bashi.

To, batun shekara shida fa? Akwai shi. A Ingila dokar 1980 ta ba mai bin bashi shekara shida ya kai ƙara, a Legas ma haka, wasu jihohinmu biyar. Biyan wani ɓangare ko amsa bashin a rubuce yana mai da lissafin farko. Amma abin da wa'adin ke rufewa ƙofar kotu ce. Bashin yana nan, kuma kafin shekara shida ta cika an daɗe da tatse garanto. Sannan mai karatu ya san a fiƙihun da ake raba gado da shi a Kano, sai an fid da bashi kafin magada su taɓa komai, kuma tsufan bashi ba ya sauke shi daga wuyan mamaci. Masu bi sun iya haƙuri har ranar zaman makoki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda masu gudun ba sa yin lissafi. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗauki misalin wanda ya tafi da bashin naira miliyan 3. A lokacin, dala 6,500 ke nan. Ko da ruwa ya kai shi miliyan 4.8 bayan shekara biyu, a sabon farashi dala 3,200 ne. Faɗuwar naira, wadda ta durƙusar da masu shigo da sinadarai a Challawa, ta yafe wa mai ɗaukar albashi da riyal ko fam rabin bashinsa ba tare da ya roƙi kowa ba. Garanton da ke karɓar naira bai sami wannan rangwame ba.

Na san amsar da ake bayarwa. Ruwan bankuna zalunci ne, ana cewa, kuma manyan da suka ci biliyoyi, waɗanda aka kafa AMCON a 2010 don karɓo bashinsu, suna nan suna yawo a jirage. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Ruwan da ya kai kashi talatin cikin ɗari a shekara babu sana'ar halal da ke biyansa cikin daɗi, na manhajoji kuwa ya wuce misali. Amma wannan hujja ce ta zama a yi ciniki, a nemi a yafe tara da wani kaso na ruwan, abin da bankuna kan yarda da shi a kan bashin da suka fid da rai. Fushi da attajiran AMCON ba ya zama dalilin barin mai gyaran inji a Sharaɗa da yankan albashi.

Akwai kuma wanda tafiyarsa ta juyo, ya dawo Kano daga Dubai da ainihin katin bashi a aljihu. Shi lissafin kifewa yake yi a kansa. Dirhami 20,000, wato kimanin dala 5,450, naira miliyan 2.5 ne a da. A farashin farkon 2024 ya haura miliyan 8, ga ruwan kusan kashi uku cikin ɗari kowane wata. Tun Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta cire yawancin shari'un cak daga sahun laifuka, amma mai bin bashi yana iya samun umarnin kotu na hana fita ƙasar. Ɗan kasuwar da ke tunanin komawa saro kaya, ya fara sa lauya a can ya duba masa kafin ya yanki tikiti. Sau da yawa mai kiran ma ba bankin ba ne, kamfani ne da aka ba kwangilar karɓowa, ko wanda ya sayi bashin da araha, kuma irinsu suna karɓar ƙasa da abin da suke ambata.

Ko ta wace fuska bashin yake, hanyar rufe shi ɗaya ce, kuma a rubuce take. Ka nemi cikakken bayanin asusu da ya rabe uwar kuɗi da ruwa da tara. Idan wani kamfani ne yake kira, ya nuna takardar da ta ba shi izini. Yarjejeniyar rangwame ta zo a kan takardar bankin kafin ka tura ko kwabo, kuɗin kuma ya shiga asusun bankin, kada ya bi ta asusun ma'aikacin da ya ce zai taimaka. Bayan biya, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka komai, ka karɓe cak ɗinka, ka duba rajista bayan 'yan watanni ka ga ko an gyara. Idan basussukan suna da yawa kuɗin kuma kaɗan ne, ni dai ba zan fara da wanda ya fi hayaniya a waya ba. Zan fara da wanda ke ɗauke da sa hannun wani, in mayar wa garanton abin da aka riga aka yanke masa, in kuma tabbatar sakataren kofaretib ya ba shi takardar sallama mai hatimi ya ajiye a gidansa.