Filin Masu Moto: Idan DT ta ƙi tashi a hanyar Illela

A ƙasar Adar, daga Illela zuwa Badagishiri da Tajaye, har Malbaza da Birnin Ƙonni, akwai ƙauyukan da mota ba ta isa sai da wahala, musamman da damina. Shi ya sa malaman gona, da masu allurar rigakafi, da ma'aikatan furoje suka daɗe suna dogara ga moton daji irin Yamaha DT 125. Ranar da ta ƙi tashi, asarar ba ƙarama ba ce: allurar da ke cikin akwatin sanyi na iya lalacewa, ɗan kasuwa kuma ya iske an riga shi ga cinikin albasar Galmi.

Injin wannan moto shi ne makanikai ke kira "de-tan", wato mai bugu biyu, wanda ke ƙona isansi haɗe da man inji. Abu huɗu yake bukata kafin ya tashi: isansi, wuta, iska da matsi. Mai hankali yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai sauƙi, maimakon ya yi ta dukan kik har gumi ya jiƙa masa riga.

Da farko ya duba makulli da maɓallin kashe inji da ke bisa kan moto, domin yara kan taɓa shi. Sannan ya leƙa tanki, ya tabbata famfon isansi a buɗe yake. In mai ya yi ƙasa, ya juya shi zuwa ajiya. Ƙaramar kafar murfin tanki ma in ta toshe, isansi ba ya sauka.

Na biyu shi ne buji, wanda ke faɗin gaskiyar abin da ke cikin inji. In an kwance shi aka same shi a bushe, isansi ne bai iso ba. In a jiƙe yake, inji ya sha mai ya wuce kima: sai a rufe famfo, a mayar da shok, a murɗa totur har ƙarshe, a buga kik sau da dama ba tare da buji ba, kana a goge shi a mayar. Don gwada wuta, a sa bujin cikin hularsa, a jingina gindinsa ga ƙarfen inji nesa da ramin, saboda gudun gobara, a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ita ake so. Tazarar bakin buji ba ta kai milimita ɗaya ba, wajen 0,7 take. In sabon buji ma bai ba da wuta ba, laifin yana ga hula, ko waya, ko bobin.

Na uku karbirato. Isansin kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, wanda ya daɗe yana shigowa daga Najeriya ta iyakar Ƙonni da ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato, yakan zo da ruwa ko ƙura. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗinsa ya hau, amma tsabtarsa ba ta ƙaru ba. Ruwa ya fi isansi nauyi, don haka a gindin karbirato yake kwanciya. A sassauta ƙusar ƙasa, a tsiyaye shi. Jikilar da ta toshe kuwa hura ta ake yi. Wanda ya zura mata allura ya faɗaɗa kafarta, ya jawo wa kansa shan mai.

Na huɗu iska. Ƙurar hunturu kan cika soson iska cikin ƴan kwanaki. A wanke shi, a bari ya bushe, a shafa masa mai kaɗan. Cire shi gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, buɗe wa yashi ƙofa ne ya cinye fistan. Moton da ta daɗe a ajiye kuma a leƙa salansarta, don zanzaro kan gina ɗakinsa a ciki.

In duk waɗannan lafiya suke, saura matsi. A toshe ramin buji da babban yatsa, a buga kik. In iska ba ta ture yatsan da ƙarfi ba, zobban fistan sun cinye. Wannan aikin gareji ne, ba na gindin bishiya ba.

Abin da ya fi kashe waɗannan injuna shi ne rowar mai. DT tana da ƙaramin tankin mai da famfonsa, kuma man da aka rubuta wa 2T kaɗai ya dace da ita. Wanda ya zuba baƙin man da aka juye daga mota ya tsimi dala, ya yi asarar jikkuna ranar da fistan ya kafe. Wanda kuma aka cire wa famfon, dole ne ya riƙa gauraya mai cikin isansi duk lokacin da ya sha.

Saboda haka, kafin a kama hanyar daji, a sa sabon buji, da sifanarsa, da sukudireba, da ƙyallen tace isansi cikin jaka. Duka ba su kai nauyin tiyar gero ba, amma sun fi tura moto cikin rairayi da tsakar rana sauƙi. Allah ya kiyaye hanya.