Karayar Ƙashin Ƙugu Ba Ta Mai Ɗori Ba Ce

Idan mace ta faɗi daga kan acaɓa, ko mota ta buge ta har ta kasa tsayuwa, yawancin iyalai wurin mai ɗori suke fara nufa. A ganina, in dai ƙugu ne ya taɓu, wannan kuskure ne da kan ci rai, musamman ga mai juna biyu.

Ƙashin ƙugu kamar zobe yake, kuma ta cikinsa jariri ke biyowa ranar haihuwa. Idan bugun ya yi ƙarfi, zoben kan karye a wuri biyu, gaba da baya, sai ƙasusuwan su riƙa motsi. A cikin zoben nan akwai mafitsara da mahaifa da manyan hanyoyin jini. Mace na iya zubar da jini mai yawa a ciki ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba. Ja da murza sai dai su ƙara ɓarna, kara da tsumma kuwa ba sa riƙe irin wannan ƙashi.

Na san abin da ke tsorata mutane shi ne tiyata. A da sai an yi babban yanka, ko a kwantar da mara lafiya makonni da yawa. Tun shekarun 1990 aka inganta wata hanya: likita zai yi ƴar tsaga da ba ta kai tsawon yatsa ba, ya zura doguwar ƙusar ƙarfe ta haɗe ƙashin, yana duba hanyarta a na'urar hoto. Jini kaɗan ake zubarwa, kuma mara lafiya kan tashi zaune da wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciki, domin doguwar kwanciya na jawo daskarewar jini a ƙafa, ciki kuma dama yana ƙara wannan haɗari. Ba kowace karaya ce ta dace da wannan aiki ba, ba kuma kowane asibiti ke da kayansa ba. Likitan ƙashi ne zai tantance bayan an ɗauki hoto.

Maigida, idan hatsari ya auku, kada a tayar da ita tsaye. A ɗaure ƙugun tamau da zani daidai saman cinyoyi, ƙasa da cikin, a kawo ta asibiti a kwance. A faɗa wa ma'aikata tana da ciki kafin a ɗauki hoto.

Ke kuma da kika taɓa karyewa a ƙugu, ko shekara goma ce ta wuce, ki sanar da mu ranar awon farko, ki zo da tsofaffin hotunanki. Ƙarfe a ƙugu ba ya nufin dole sai an yi miki aiki, mata da dama sun haihu da kansu bayansa. Amma ki haihu a asibiti, inda za a lura da yadda naƙudar ke tafiya.