Kaka Ta Yi, Wa Ke Zaɓa Mana Abin Kallo?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, kaka ta yi. A ƙasar Bagudo ana yankan shinkafa a fadamun kogin Kwara, gero ya shiga rumbu, samari suna shirin kokawa, iyaye kuwa suna ƙidayar bukukuwan auren da za a yi kafin hunturu ya tsananta. A daidai wannan lokaci ne kuma, kowace shekara, wata irin kaka take sauka cikin wayoyinmu daga Amurka, watau jerin fina-finai goma ko ashirin da aka ce wai tilas ne duk mai ilmi ya kalla kafin a raba kyaututtukan Oscar. Mu kuwa 'yan boko sai mu karɓa hannu bibbiyu. A ɗakunan kwananmu ana ta musu a kan wace 'yar wasa za ta ci, ana rantse-rantse, har da masu fushi, sai ka ce gadon kakanninmu za a raba a Los Angeles. Mun ɗauki alƙalami yau domin mu ce wannan hali abin kunya ne, mu kuma kawo namu jerin na abin da ya cancanci a kalla a wannan hutu.

Da fari, ya kamata mu san yadda ake dafa wannan tuwo da ake tura mana. Tun 1929 ake raba kyautar Oscar. Masu jefa ƙuri'a mutum kimanin dubu goma ne, ma'aikatan sana'ar fim, akasarinsu mazauna Amurka. Ana yin bikin a watan Fabrairu ko Maris, saboda haka manyan kamfanoni sukan riƙe fina-finan da suke taƙama da su sai ƙarshen shekara, daga Satumba zuwa Disamba, domin kada masu ƙuri'a su manta da su. Sa'an nan su zuba miliyoyin daloli wajen talla da liyafa da zawarcin 'yan jarida. Jerin nan da yake iso mana reshe ne na wannan talla. Kasuwa ce ta 'yan jari-hujja, kuma ba mu ga laifin mai kaya ba don ya yabi kayansa. Laifin yana wuyan wanda ya mai da kansa ɗan tallan da ba a biya ba.

To, ina matsayin Afirka a wannan kasuwa? Akwai rukuni guda da aka ware wa fina-finan ƙasashen waje. Har ya zuwa bikin 2025, sau uku kaɗai wata ƙasar Afirka ta ci shi: Aljeriya a 1970 da fim ɗin Z, Kwaddibuwa a 1977, da Afirka ta Kudu a 2006 da fim ɗin Tsotsi. Duka ukun nan farar fata ne suka ba da umarni. Cikin shekaru masu yawa haka, baƙar fata ɗan Afirka ko ɗaya bai ɗauki wannan kyauta ba. Duk da haka muna nan tsaye bakin ƙofa, muna jiran a leƙo a ce mana mun iya.

Ku tuna da watan Nuwamba na 2019. A wannan wata ne aka fitar da Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar, fim na farko da Nijeriya ta taɓa aikawa, bisa hujjar cewa Ingilishi ya yi yawa a cikinsa, Ibo bai wuce minti goma sha ɗaya ko makamancin haka ba. Waɗanda kakanninsu suka ɗora mana harshen su ne kuma suka ce mun cika magana da shi! 'Yan bokon ƙasar nan suka yi ta kururuwa mako guda cur. A cikin wannan wata dai hukumar kwastan ta hana kai man fetur duk gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, bayan an riga an rufe iyakokin ƙasa tun watan Agusta. Mutumin Lolo da na Tsamiya, wanda injin ban ruwansa da babur ɗinsa da kwalekwalensa duk mai suke sha, shi ya ɗauki wannan kaya. Mu nawa ne cikinmu suka rubuta ko layi guda a kansa? Mun yi kukan an kore mu daga bikin wasu, ba mu ji kukan cikin gidanmu ba.

Ita kanta iyakar nan labari ce da ta isa a yi mata fim. A ran 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasar Bargu kamar naman layya: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ba a tambayi Bahaushe ko Bafulatani ko Badande ko Bakyange ba. Yau daga Tsamiya zuwa Segbana tafiya ce ta ɗan lokaci, ana cin kasuwa tare, ana auratayya, amma ɗalibin Bagudo ya fi sanin titunan New York da ya gani a fim bisa ga tarihin Kandi da Malanbil. Da mutanen Amurka suka so ba da labarin mayaƙa mata na Dahome a 2022, cikin The Woman King, sai suka ɗauke shi a Afirka ta Kudu, cikin Ingilishi. Muka kalla, muka tafa. Maƙwabcinmu ne fa, katanga ɗaya, amma sai da labarinsa ya ƙetare teku ya komo kana muka saurara.

Ga namu jerin. Babu sabon fitowa na bana a ciki, amma duk fim ɗin da ba ka gani ba sabo ne a wurinka.

Na ɗaya, Sarraounia, na Med Hondo ɗan Muritaniya, 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa ta kuma yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Arawan Kangiwa 'yan'uwan mutanen nan ne na jini. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Wanda ya haddace sunayen taurarin Hollywood amma bai taɓa ganin wannan ba, to ya sake lissafin iliminsa.

Na biyu, Shaihu Umar, na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Hausa aka yi shi, a kan bauta da fataucin hamada da uwa mai neman ɗanta. Ku ji abin takaici: fim ɗin ya yi shekaru a yashe cikin ma'ajiyar hukumar fina-finai a Ikko, sai a 2016 aka gano shi, wata cibiya ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin a 2018. Bajamushe ya zauna a kujera mai laushi ya kalli Shaihu Umar, jikokin masu harshen kuwa sai dai su ji labari.

Na uku, Dahomey, na Mati Diop, 2024. Minti 68 ne kacal. Yana bin sawun kayan sarauta 26 da sojan Faransa suka kwashe daga fadar Sarki Behanzin a Abomey a 1892, aka mayar da su Kwatano a Nuwamba 2021. Abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne muhawarar ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi, tsararrakinmu, suna tambaya ko mayar da 26 daga cikin dubbai nasara ce ko raini, suna kuma tambaya don me suke wannan muhawara da Faransanci. Ya ci babbar kyautar Berlin a Fabrairu 2024. Tambayoyin nan namu ne, baƙi ɗaya.

Na huɗu, The Milkmaid, na Desmond Ovbiagele, 2020, wanda aka ɗauka a Taraba, yawancinsa da Hausa. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne masu tallan nono da 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu. Ya ci kyaututtuka biyar a gasar AMAA, har da na fim mafi kyau, Maryam Booth ma ta samu ɗaya. Tun da sunan Lakurawa ya shiga bakin mutanen iyakar Kebbi da Sakkwato a 2024, wannan labari ya daina zama na nesa.

Na biyar, Mai Martaba, na Prince Daniel, 2024, wanda aka ɗauka a Daura da Hausa, a kan rikicin gadon sarauta da sarkin da ya so ɗora 'yarsa. Na shida, Mami Wata, na C.J. Obasi, 2023, fari da baƙi, wanda aka ɗauka a gaɓar teku ta Jamhuriyar Benin. Su biyun nan da The Milkmaid duk Nijeriya ta aika da su gasar Oscar, ba wanda ya kai ko zagayen tantancewa. Mu a ganinmu wannan bai rage musu komai ba. Abin da ya rage musu shi ne an yi ɗawainiyar kai su gaban alƙalan Amurka, ba a yi ta kawo su dandalin Kaoje ba.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce fim nishaɗi ne, a bar mutum ya kalli abin da ransa yake so. Ba mu hana kowa ba, mu ma muna kallo, kuma akwai gwanintar da za a koya a can. Amma rai yana son abin da aka saba masa ne. Turawan mulkin mallaka sun san haka sarai, shi ya sa suka riƙa yawo da majigi ƙauye ƙauye, suna haska Baban Larai domin a noma musu auduga. Su ba su taɓa ɗaukar fim abin wasa ba. Mu ne da muka yi karatu muka ɗauke shi haka.

Wasu kuma za su ce fina-finanmu ba su da inganci. A nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tun Turmin Danya na 1990 masana'antar Kano take tafe, ta ciyar da dubban mutane, ta kai Hausa inda littafi bai kai ba, amma har yau ta fi ƙarfi wajen soyayyar falo da kishiya da rawa irin ta Indiya. Ina fim ɗin Kanta da ganuwar Surame? Ina na ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar manoman Kebbi, Bagudo a ciki? Ina na yaron da ke tsallaka iyaka da jarka a kan babur domin ya ciyar da uwarsa? Sai dai mai shirya fim yana bin kasuwa ne. Muddin mu masu albashi da alawus muna karɓar aikinsa a shagon turi a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba, ba tare da kobo ya isa hannunsa ba, to ba mu da bakin zarginsa.

Akwai kuma iyayenmu da malamanmu da suke ɗari-ɗari da duk abin da ake kira silima. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin sun ga abin da ake zubawa cikin wayoyin yara. Amma wayar tana aljihun yaron ko an so ko an ƙi. Abin da ake kallo a fili, gaban hakimi da liman, bayan an tace shi, ya fi aminci bisa ga abin da ake kallo cikin bargo da tsakar dare.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da abubuwa huɗu. Na farko, a ware mako guda a kowace kaka domin haska fina-finan Afirka a harabar jami'a, a yi muhawara bayan kowane ɗaya, a kuma gayyaci 'yan'uwanmu na Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato. Na biyu, a rubuta wa masu fina-finan a nemi izini, a biya su haƙƙinsu daga kuɗin da muke zubawa, wanda yanzu yake tafiya wajen liyafar rantsar da shugabanni. Na uku, ɗaliban sashen Faransanci da na Hausa su haɗa kai su fassara Sarraounia da Dahomey. Ƙasar da aka iya sa wa jarumin Indiya Hausa a baki har ya yi karin magana, ba za a ce an kasa sa wa Sarauniya Mangu harshen ƙasarta ba. Na huɗu, in an tashi hutu, ɗaliban ƙasar Bagudo su ɗauki farin ƙyalle da na'urar haskawa da ƙaramin janareta su zaga Illo da Kaoje da Zagga da Lolo da Tsamiya, da yardar hakimai da shawarar jami'an tsaro, maza gefe, mata gefe. In mutanen Segbana sun ji labari sun tsallako, a shimfiɗa musu tabarma a gaba.

Ku kuma matasan ma'aikata da ke ofisoshin yaɗa labarai da al'adu na jiha da na ƙananan hukumomi, ku ne kuke rubuta takardun kasafi. Jihar da take iya tara duniya a Argungu domin kamun kifi ba za ta gaza motar majigi guda ba. Ku sa ta a takarda, ku bi ta ofis ofis har ta fito.

A watan Maris za a kunna fitilu a Los Angeles, a kira sunaye, a yi kuka, a yi godiya, babu wanda zai ambaci Bagudo, kuma ba dole ba ne su ambata. Bikinsu ne. Mu dai mu tabbata kafin ranar, wata tsohuwa a Illo ta zauna a dandali ta ga yadda Sarauniya ta tsaya wa Faransa, ta juya ta gaya wa jikarta abin da kakarta ta gaya mata game da zuwan Nasara. Allah ya sa mu dace, amin.