Naman alade a firiza: inda ribar mai kiwo ke tsiyayewa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin ɗaukar dabba mai rai daga Arewa zuwa Kudu ya yi tashin gwauron zabi. Masu kiwon alade a Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, Taraba da Adamawa sun ji a jikinsu, domin yawancin masu sayen aladun da ake kaiwa kasuwar Katsit ta Kafanchan daga Kudu suke zuwa, kuma duk abin da mota ta ci, daga farashin mai kiwo ake zabtare shi. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama suka fara tunanin yanka a gida, su daskarar da naman a firiza, su sayar wa otal-otal da gidajen abinci kilo-kilo. Wasu ma har sun fara jin labarin wata sabuwar dahuwa ta cikin leda da ake kira su-bid. Kafin ƙungiya ta zuba kuɗin mambobinta a wannan harka, ya kamata ta san abin da sanyi da zafi ke yi wa nama. Bayanin ya shafi naman sa, na akuya da na kaza ma, don haka wanda ba ya hulɗa da alade zai iya ɗaukar nasa darasin.

Ɗanyen nama kusan kashi 70 zuwa 75 cikin 100 ruwa ne. Ruwan yana fara zama ƙanƙara idan sanyi ya kai wajen digiri 1 zuwa 2 ƙasa da sifili, kuma mafi yawansa yana daskarewa ne kafin a kai digiri 5 ƙasa da sifili. Saurin da naman ya ratsa wannan ɗan tsakanin shi ne komai. Idan ya ratsa da sauri, ƙanƙarar da ke fitowa ƙanana ce, ba ta yi wa tsoka illa sosai. Idan kuwa ya daɗe, ƙanƙarar takan yi manya-manya masu kaifi, ta huda tsokar ta ciki. Ranar da aka fito da naman ya narke, sai ka ga jan ruwa ya taru a leda. Mutane kan ce jini ne, amma ruwan naman ne haɗe da sinadaran gina jiki da ɗanɗano. Kuma nauyi ne. A ce kilo 50 ka zuba, kilo 3 ya tsiyaye: ka ciyar da dabba wata da watanni don kilo ukun nan, ga shi sun bi kwata.

A nan ne matsalar lantarki ta shigo. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin samun wuta aƙalla awa 20 a rana. Mafi yawan garuruwan da ake kiwo ba sa cikin wannan rukuni. A watan Oktoban shekarar kuma, jihohin Arewa da dama sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, saman naman yakan ɗan narke ya sake daskarewa, ƙananan ƙanƙara su haɗe su zama manya. Ko da naman bai yi wari ba, ingancinsa na raguwa a kowane zagaye. Sanyin da aka amince da shi a cinikin nama a duniya shi ne digiri 18 ƙasa da sifili, kuma a tsaye, ba hawa da sauka ba.

Alade yana da wani rauni na daban: kitsensa ya fi na sa saurin lalacewa idan iska na taɓa shi, ko a cikin firiza ne. Shi ya sa ake ba da shawarar kada yankakken naman alade ya wuce wata 4 zuwa 6 a daskare, alhali naman sa na iya kaiwa shekara. Wanda aka niƙa ko aka sa wa gishiri ya fi saurin canza ɗanɗano. Sannan aladen da aka wahalar kafin yanka, da duka ko rana, namansa kan fito fari-fat, lagwai-lagwai, yana zubar da ruwa tun kafin ya ga firiza. Irin wannan idan aka daskarar, asara biyu ke nan.

To, ina su-bid ta shigo? Kalmar Faransanci ce, ma'anarta abin da aka zuƙe wa iska. Wani mai dafa abinci, Georges Pralus, ya shahara da ita a Faransa a shekarun 1970. Ana sa nama a leda ta musamman, a zuƙe iskar, a like, a tsoma a ruwan da na'ura ke riƙe zafinsa daidai, yawanci tsakanin digiri 55 da 70, na tsawon awanni. Da yake zafin bai kai na tafasa ba, tsokar ba ta takurewa ta matse ruwanta kamar a tukunya, jijiyoyin nan masu tauri kuma a hankali suke narkewa su yi laushi. Sakamakon shi ne nama mai taushi, mai ruwa-ruwa, wanda bai rage nauyi sosai ba. Sassan da ake sayarwa da araha saboda tauri, kamar kafaɗa, suna iya samun daraja ta wannan hanya.

Sai dai a yi hattara da zuzutawar masu tallar na'ura. Su-bid tana rage asarar ruwa a lokacin dahuwa, amma ruwan da ya riga ya tsiyaye wajen narkewa ya tafi ke nan. Kitsen da ya fara canza wari kuwa, ledar ma riƙe warin take yi. Ga kuma haɗari: wurin da babu iska shi ne inda ƙwayar cutar botulizim ke jin daɗin tsiro, kuma dafinta na kisa. Naman da aka dafa a leda, ko dai a ci shi nan take, ko a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara ya huce da sauri, a ajiye shi ƙasa da digiri 3. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar dahuwar awa goma, zafin ruwan zai sauko daidai inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Wanda ba shi da tsayayyar wuta da ma'aunin zafi, wannan dahuwa ba tasa ba ce tukuna.

Akwai kuma batun cuta, wanda ya fi shafar mai kiwo kai tsaye. Sanyi mai tsanani na kwanaki yana kashe ƙwayayen tsutsar ciki da ake gani fari-fari a tsokar alade, amma bai kamata a dogara da firizar gida ba. A bar jami'in lafiyar dabbobi ya duba nama a mayanka. Ƙwayar cutar zazzaɓin aladu na Afirka kuwa, firiza gida ce a wurinta, tana iya rayuwa wata da watanni a daskararren nama. Ba ta kama mutum, amma tana share garke. Masu kiwo ba su manta da 2020 ba, lokacin da ta afka wa babbar unguwar kiwon aladu ta Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun, aladu masu ɗimbin yawa suka mutu. Wanda ya yanka alade mara lafiya ya jefa a firiza don gudun asara, ya adana cutar ne zai aika wa wani gari. Ragowar abincin otal da ake kwaso wa aladu ma hanya ce. Ƙa'idar hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ita ce zafi ya ratsa naman har ciki, digiri 70 na tsawon minti 30, abin da yawancin dahuwar su-bid ba ta kaiwa.

Abin da ya fi dacewa da ƙungiya shi ne ta fara da sanyi kafin ta yi maganar na'urar dahuwa. A bar dabba ta huta ta sha ruwa kafin yanka. A bar naman ya huce a firji kafin a sa shi a firiza, domin nama mai ɗumi yana narkar da wanda ya tarar. A yanka shi falle-falle, kilo ɗaya ko biyu a leda, a fitar da iska, a shimfiɗa kada a jibge, a rubuta kwanan wata. Firizar da ta cika kuma ba a buɗe ta ba tana iya riƙe sanyi kusan kwana biyu ba wuta, wadda take rabi kuwa kusan kwana ɗaya, don haka a cike gurbi da robobin ruwa. A narkar da nama a firji, ba a rana ko ruwan zafi ba. Masu shirin sayen ɗakin sanyi na sola su tambayi mai sayarwa digiri nawa yake kaiwa, domin da yawa an yi su ne don tumatir da ganye, suna sanyaya kaya amma ba sa daskarar da su.

Gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a Yulin 2024, kuma ana ta maganar daina jigilar dabbobi da rai a koma jigilar nama. Idan hakan zai amfani ƙaramin mai kiwo, buƙatun da ƙungiyoyi za su kai gaban ma'aikatar da gwamnatocin jihohi a fili suke: mayanka mai ruwa da jami'in duba nama, firiza mai aiki da sola kusa da kasuwa, da mota mai sanyi. Kafin waɗannan su samu, a yi lissafi: a auna nama kafin a daskarar, a sake aunawa bayan ya narke, a haɗa da kuɗin man janareto. Idan abin da ya rage bai fi farashin dabba mai rai a kasuwa ba, gara a ci gaba da sayar da ita a tsaye.