Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Mayar da Takardun Tambayoyin Lafiyar Ƙwaƙwalwa zuwa Harshen Hindi

Zuwa ga likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da masu fassara da ma'aikatan bincike da ke aiki tsakanin masu magana da harshen Hindi a ƙasar Indiya.

Wannan wasiƙa tana jawo hankali ne ga wani aiki da ake yawan ɗauka an gama shi alhali ko rabinsa ba a ci ba, wato mayar da takardar tambayoyin lafiyar ƙwaƙwalwa zuwa Hindi. Abin da ake nufi da wannan takarda shi ne jerin gajerun tambayoyi da ake yi wa mutum a kan barcinsa da cin abincinsa da kuzarinsa da halin da zuciyarsa take ciki, kowace amsa da makinta, sannan a haɗa jimilla domin a ware wanda ya kamata likita ya zauna da shi. Cikin waɗanda suka yi fice akwai GHQ, wadda David Goldberg ya fitar a Ingila a 1972 aka kuma daidaita ta da Hindi tun 1987, da PHQ-9 mai tambayoyi tara a kan ciwon damuwa, da SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Binciken ƙasa da cibiyar NIMHANS ta Bengaluru ta gudanar a jihohi 12 tsakanin 2015 da 2016 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane baligi goma yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu ba sa samun magani. Da yake likitocin fannin sun yi ƙaranci, musamman a karkara, takardar takan faɗa ne a hannun ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye ko malamin jinya na ƙaramin asibiti, saboda haka duk kuskuren da aka bari a cikinta yakan yi ta maimaituwa ba tare da wani ya ankara ba.

Abin da ya kamata kwamitin fassara ya fara warwarewa shi ne irin Hindin da zai yi aiki da shi. Ƙidayar 2011 ta sanya mutum sama da miliyan 528, kimanin kashi 44 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, a ƙarƙashin sunan Hindi, amma a cikin wannan adadi an haɗa da masu Bhojpuri da suka haura miliyan 50, da masu Rajastani da Magahi da Haryanbi da wasunsu, waɗanda da yawansu suna jin Hindin kasuwa da na fim, amma ba da shi suke kukan ciwo a gida ba. Ban da wannan, akwai tazara mai faɗi tsakanin Hindin ofis da littattafan makaranta, wanda yake ɗebo kalmominsa daga Sanskirit, da Hindin baka, wanda ya cakuɗa da kalmomin Farisanci da Larabci da Ingilishi. Mai fassara mai digiri yakan zaɓi avasad a matsayin ciwon damuwa domin ita ce ke cikin ƙamus, alhali matar da ta zo asibiti daga ƙauye za ta ce tana fama da ghabrahat, wato faɗuwar gaba da rashin natsuwa, ko kamzori, wato rashin ƙarfi, ko kuma ta ce tenshan ya yi mata yawa. Hanya mafi dacewa ita ce a rubuta tun farko gundumar masu amsawa da shekarunsu da matakin karatunsu, sannan a tattaro kalmomin koke daga bakinsu kafin a taɓa asalin takardar.

Tsarin da aka saba bi shi ne masu fassara biyu su mayar da takardar zuwa Hindi kowa shi kaɗai, kwamitin masana ya sasanta bambancinsu, sannan wani da bai taɓa ganin asalin ba ya sake mayar da ita Ingilishi domin a gwama. Wannan mataki na ƙarshe, wato fassarar komawa, Richard Brislin ne ya yaɗa shi tun 1970, kuma yana da amfani wajen kama tsallake da ɓatan ma'ana. Illarsa ita ce yana goyon bayan mai kwafi, domin jimlar da aka bi kalma da kalma takan koma Ingilishi lafiya lau har ta burge kwamiti, alhali mai jin Hindi bai gane inda ta dosa ba. A takardar HADS ta 1983 akwai tambayar da ta kwatanta fargaba da shawagin malam-buɗe-littafi a cikin ciki, wanda salon maganar Turawa ne; duk wanda ya kwafe shi yadda yake zai ci jarrabawar fassarar komawa, amma dattijon da aka karanta wa yana iya ɗauka tsutsar ciki ake tambayarsa.

Saboda haka matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne gwajin fahimta, inda ake zama da irin mutanen da aka yi takardar dominsu, ɗaya bayan ɗaya, a karanta musu kowace tambaya, a nemi su maimaita ta da bakinsu, su kuma faɗi dalilin amsar da suka bayar. An tsara yawancin waɗannan takardu ne domin mutum ya cike da hannunsa, amma a ƙidayar 2011 kusan rabin matan Bihar da Rajastan ba su iya karatu ba, ke nan da kunne za su karɓi tambayar, kuma doguwar jimlar da ido zai koma ya sake dubawa ba lalle kunne ya riƙe ta ba. Zaɓin amsa ma yana da tasa matsalar. PHQ-9 tana neman mutum ya tuna makonni biyu da suka wuce, ya zaɓi ɗaya cikin matakai huɗu: babu ko kaɗan, wasu kwanaki, fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum. Mai sauraro kuwa yakan amsa da eh ko a'a, ko ya kama labarin bashi da ciwon baya, sai mai tambaya ya gaji ya zaɓa masa maki da ka. Ana iya magance wannan ta raba tambayar biyu, a fara da ko abin ya faru, sannan a bi da sau nawa, ko a ari dabarar da likitocin Indiya suka daɗe suna auna zafin ciwo da ita, wato a ce idan ciwon duka rupi ɗaya ne, paisa nawa yake ji yanzu. Haka kuma Hindi yana bambanta namiji da mace a ƙarshen aikatau, yana da aap na girmamawa da tum na tsara, don haka dole a rubuta sigar kowane jinsi a fili. Duk abin da aka bar wa mai tambaya ya gyara da bakinsa, ya zama kowane ma'aikaci da tasa takardar.

Akwai abin koyi a aikin da Mary Ganguli da abokan aikinta suka wallafa a 1995 daga Ballabgarh ta jihar Haryana, lokacin da suka mayar da gwajin tunani na MMSE zuwa Hindi domin tsofaffin karkara marasa karatu. Maimakon a ce wa tsoho ya rubuta jimla, sai aka nemi ya faɗi wani abu game da gidansa, lissafin ragi kuwa aka mayar da shi labarin mutumin da yake kashe kuɗin motarsa kaɗan-kaɗan kowace rana. Sun riƙe abin da ake son aunawa, suka sake hanyar kaiwa gare shi, suka kuma bayyana kowane canji da dalilinsa.

Tambayoyin da suka shafi jiki suna buƙatar kulawa ta musamman. Gajiya da rashin cin abinci alamomin ciwon damuwa ne, amma binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2019 zuwa 2021 ya samu ƙarancin jini a jikin kashi 57 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49, don haka mace tana iya tara maki a kan gajiya alhali jininta ne ya yi ƙasa. A ɗaya ɓangaren, akwai koken da takardun Turai ba su san da shi ba, kamar dhat, wato fargabar da wasu maza ke yi cewa ƙarfinsu yana zurarewa tare da maniyyi, wanda likita N. N. Wig ya bayyana a 1960.

Bayan an gama duk wannan ne ake fara tabbatar da inganci, kuma a nan ne aka fi yin gajen haƙuri. Rahotanni da dama sukan tsaya a kan alfa ta Cronbach, wato ma'aunin da ke nuna yadda amsoshin tambayoyin suke tafiya tare, alhali tambayoyi suna iya jituwa da juna a kan auna abin da ba shi ake nema ba. Inganci na gaskiya sai an gwama makin takardar da hukuncin likitan da ya yi wa mutumin cikakkiyar hira bisa tsari ba tare da ya ga makin ba, kuma sai an yi gwajin a kan masu zuwa ƙaramin asibiti da damuwarsu ta yau da kullum. Gwama ɗaliban jami'a masu ƙoshin lafiya da majinyatan da aka kwantar yakan ba da sakamako mai kyawun gani wanda ba ya tsayuwa a ƙauye. Daga wannan gwaji ne ake fitar da iyakar maki, wato adadin da idan mutum ya kai shi za a tura shi gaba. Maki 10 da aka saba da shi a PHQ-9 daga majinyatan Amurka aka samo shi, kuma ɗauko shi kai tsaye tamkar awo ne da mudun wata kasuwa. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1980, wanda ya gwada SRQ a Raipur Rani ta Haryana da Sudan da Kolombiya da Filifin, ya samu iyakar tana tsakanin 3 da 4 a Sudan, a Kolombiya kuwa tsakanin 10 da 11, alhali tambayoyin iri ɗaya ne.

Ya kamata kuma a yi lissafin abin da iyakar za ta jawo wa asibiti. A ƙaddara takarda tana kama 90 cikin 100 na masu ciwon, tana kuma sallamar 90 cikin 100 na marasa shi. A cikin mutum 1,000 da 50 kawai ke da ciwon, za ta kama 45 na gaskiya tare da 95 masu lafiya, ke nan kusan biyu cikin uku na waɗanda za a tura wa likita ba su da ciwon. Gundumar da likitanta ɗaya ne tilo tana buƙatar sanin wannan kafin ta rungumi takardar.

Saura tambaya ta tara a PHQ-9, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2017 ta tanadi cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a ɗauke shi a matsayin mai cikin matsanancin ƙunci, kada a hukunta shi, amma kunya da tsoron bakin mutane suna nan, kuma amarya ba za ta faɗi gaskiya ba muddin surukarta tana tsaye a kanta. Wajibi ne umarnin takardar ya tanadi keɓewa, ya kuma faɗi inda za a kai wanda ya amsa da eh, ko asibitin gunduma ko layin Tele-MANAS mai lamba 14416 da aka buɗe a 2022.

Roƙon wannan wasiƙa ga masu wannan sana'a shi ne kada su rubuta cewa an tabbatar da ingancin wata takarda a Hindi sai sun faɗi gundumar da aka gwada ta, da irin mutanen da suka amsa, da ko karanta musu aka yi ko da hannunsu suka cike, da iyakar makin da aka samu a can. Su kuma wallafa cikakken nassin Hindin da haruffan Dewanagari, domin wanda zai yi aiki da shi a wata jiha ya san daga inda zai fara nasa gwajin.

Wassalam.